Mu Sayi A-kori-kura Ko Mu Ci Gaba Da Haya?

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana cikar ƙungiyarmu shekara 10. Waɗanda muka faro tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Mu 'yan kwamitin sarin kaya aka ɗora wa magana a kan batun da ya fi ɗaukar zafi a zamanmu na bana, wato batun mota. Wasunmu na cewa a fasa asusu a sayi a-kori-kura tamu ta kanmu. Wasu na cewa a ci gaba da shata kamar yadda aka saba. Wasu kuma sun ji ana ba da mota a riƙa biya kaɗan-kaɗan. A babban taro mai zuwa za a ɗaga hannu, kuma kuɗin da ake magana a kai gumin kowace mace ne a wurin nan, tun daga mai tuyar ƙosai har mai rumfar atamfa. Don haka ga abin da muka gani, ba ɓoye-ɓoye: shawararmu ita ce kada mu saya bana.

Masu son a saya suna da hujja, kuma mun yarda da ita. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa wuce 1,000. Kuɗin shata ya bi ta. Ga kuma jira. Wadda ta taɓa zama a Kwanar Gafan da kwandunan tumatir rana na dukansu, direba ya ce yana hanya alhali bai ma taso ba, ta san abin da ake nufi da kayan aro ba ya rufe katara.

To amma mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Fitarmu ta sari sau 2 ce a mako: ɗaya Dawanau don hatsi, ɗaya kasuwar ƙauye, ko Dambatta ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a. Mako 52 ne a shekara, kwana 104 ke nan. Shekara kuma kwana 365 ce. Saura kwana 261 mota na tsaye a ƙofar gida. Tsayuwar nan ba ta hana ta ci. Za a biya direba wata ya yi aiki ko bai yi ba. Za a sabunta takardun mota da inshora duk shekara. Batir na mutuwa a zaune, taya na tsagewa a rana, darajar motar kuma na raguwa. Mu bar maganar ranar da giya ko inji ya tashi, a ce mu nufi Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, waɗanda farashinsu ke bin dala.

Abu na biyu, nauyi. A-kori-kura irin su Hilux, abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, wato buhun masara mai kilo 100 guda 10. Mun san ana lafta musu fiye da haka a hanya, amma kowa na ganin yadda suke komawa: baya ya zauna, birki ya ƙi ci a gangara, kullum tana wajen bakanike. Da kaka, lokacin da hatsi ke araha muke son sayen buhu 40 ko 50 mu ajiye, motar tamu ta yi mana kaɗan, dole mu nemi kanta. Da bazara kuwa, buhu 3 ko 4 ne, a-daidaita-sahu mai ɗaukar kaya ma ya ishe mu. Mai haya tana zaɓar mota daidai kayanta. Mai mota kuwa, da wadda ta saya za ta yi ta fama.

Abu na uku shi ne ya fi damun mu. Kuɗin asusun nan ba a kwance suke ba. Su ne muke ba juna rance a ƙara jari, a dawo da su bayan wata 3 ko 4, wata ma ta karɓa. Naira ɗaya sai ta zaga hannu uku a shekara. Idan muka kwashe su muka zuba a ƙarfe, 'yar'uwar da za ta zo neman jarin sayen gyaɗa da kaka me za mu ce mata? Mu ce ta je ta kalli mota?

Akwai masu cewa sauran ranakun sai a ba direba ya yi lodi a tasha yana kawo balas. Ana yi, kuma wasu na samu. Sai dai wannan wata sana'a ce daban, mai buƙatar wanda ya san mota, ya san tasha, zai iya tashi da tsakar dare idan an ce ta lalace a hanyar Zariya. Wace ce a cikinmu za ta bar rumfarta ta yi wannan? Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, iyayenmu: ranar da aka ce motar ƙungiya ce, za a zo aronta kai kayan amarya, za a zo aronta kwaso amfanin gona, kuma ba wadda za ta iya buɗe baki ta ce wa mijin ƙawarta a'a. Zumuncin shekara 10 kada mota ta ɓata shi.

Sai maganar biya kaɗan-kaɗan. Iri biyu ne, kada a haɗa su. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da abin da ake kira murabaha: banki ya sayi motar, ya sayar muku da ribar da aka faɗa tun farko, ku biya wata-wata. Akwai kuma ijara: motar ta banki ce, ku kuna biyan haya, a wani tsarin idan wa'adi ya cika a mallaka muku ita. A kasuwa kuma akwai masu kuɗi da ke ba da mota ko a-daidaita-sahu a kan farashin da suka ɗora, ana biya mako-mako. Kowanne daga ciki, biya ba ya jiran ciniki. Ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, ranar biya na nan.

A nan ne zaman da da yawanmu muka yi a ajin yaƙi da jahilci zai yi mana rana. Duk takardar da aka miƙo mana, mu karanta da idonmu kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa. Idan da Turanci take, a fassara mana layi-layi. Mu tambaya: sunan wa ke kan takardun motar? Babban gyara wuyan wa yake? Idan muka makara wata ɗaya, me zai faru? Idan aka karɓe motar, ina makomar abin da muka riga muka biya? Idan aka sace ta ko ta yi haɗari, wace inshora ce za ta tsaya? Inshorar da doka ta tilasta, wanda aka buge take biya, ba ta gyara motar mai ita. Abin da ya shige mana duhu ta fuskar addini, mu kai wa malamai.

Ga abin da muke kawowa gabanku. Mu nemi direba ɗaya amintacce mai motarsa, mu yi yarjejeniyar shekara guda a rubuce gaban shaidu: ranakunmu 2 a mako namu ne, lokacin tashi sananne, kuɗin kowace hanya sananne, da yadda za a daidaita idan mai ya tashi ko ya sauka. Gyara da takardu nasa ne. Mu kuma mu riƙa haɗa sarinmu wuri guda don kada mota ta dawo rabi. Sakatariya ta buɗe littafi, kowace fita a rubuta ranar, da yawan kaya, da abin da aka biya, da asarar da jira ya jawo idan an yi. A gefe guda mu buɗe asusun mota daban, kowace fita a jefa wani abu, ba tare da an taɓa kuɗin rance ba.

Baɗi war haka, idan Allah ya kai mu, sai a buɗe littafin a gaban kowa. Idan ya nuna fitarmu ta kai kwana 4 ko 5 a mako, kuma abin da muke ba masu haya ya fi abin da riƙon mota zai ci, mu ne za mu fara ɗaga hannu a saya.

Mazajenmu da 'ya'yanmu da suka san harkar mota, muna neman ku zo taron ku faɗa mana farashin gyara da na mai yadda yake. 'Yan'uwa, kowace ta koma gida ta yi nata lissafin kafin ranar. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya bar mu tare. Wassalamu alaikum.