Abin da Muke Kai wa Ɗan'uwa Mai Ciwon Damuwa

Kusan kowace ikilisiya tamu tana da wanda ya daina fitowa, ba ya barci, abinci ma sai an matsa masa. Mukan je gaisuwa da lemon kwalba da biskit. Yau muna so mu duba wannan ledar da muke riƙe da ita.

Idan damuwa ta daɗe, ko ta bashi ce ko ta rashin tsaro ko ta rasuwa, garkuwar jiki takan zauna cikin shirin yaƙi. Tana sakin sinadaran da ke kawo kumburi, irin wanda ido ba ya gani, kuma saƙonsu yana isa ƙwaƙwalwa. Likitoci sun ga haka a fili lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta allurar Interferon, wadda ke tayar da garkuwar jiki: da dama cikinsu suka faɗa ciwon damuwa. Ba kowane mai damuwa ne ke da wannan kumburin ba, amma akwai masu shi.

A 2017 Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostareliya ta fitar da sakamakon wani gwaji da mutum 67 masu wannan ciwo. Na tsawon mako 12 aka koya wa wani rukuni cin hatsi da dusarsa, ganye, wake, gyaɗa da danginta, kifi da man zaitun, da rage zaƙi da soye-soye. Ɗaya rukunin kuwa abokin hira aka ba su. Kashi 32 cikin 100 na rukunin farko suka samu sauƙi sosai, na biyun kashi 8. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu ba su bar maganin likita ba. Mu riƙe wannan.

Masu tallar ƙwayoyin ƙarin kuzari ba za su so na gaba ba. A 2019 wani gwaji a ƙasashen Turai huɗu, da mutum sama da 1,000, ya nuna shan ƙwayoyin man kifi da bitamin na shekara guda bai hana ciwon kama su ba.

Man zaitun ya fi ƙarfin aljihunmu, amma sauran muna da su. Mu ne muke surfa gero har ya yi fari fat, mu ba awaki dusar, alhali irin wannan ne ƙananan halittun da ke hanjinmu ke ci su samar da abin da ke kwantar da kumburi. Akwai acha, dawa, wake, zogale, rama, kuka, da kifin titus idan ya samu.

Saboda haka idan zumuntar mata ta shirya ziyara, a tafi da kwaɗon zogale ko faten wake, a zauna a ci tare da shi, domin mai wannan ciwo da wuya ya hura wuta don kansa. Kada kowa ya ce masa ya ajiye maganinsa. In kuwa ya fara maganar gajiya da rayuwa, a ranar nan za mu raka shi asibiti, ba sai Lahadi ba.