Zaman birni sai an koya: jawabi ga masu tahiya Yamai

An shirya wanga jawabi domin malamai su karanta ma jama'a a makarantun yaƙi da jahilci, bayan girbi, kahin samari su tashi cin rani.



Hatsi ya shiga rumbu. Kowace shekara in anka kai wanga lokaci, sai tashoshin mota su cika. Wasu su nuhi Kano, wasu Agadas, wasu Abijan, wasu kuwa Yamai. Cikin masu tahiya akwai mai dawowa da ruwan fari. Akwai kuma wanda Allah zai zaunar can, har ya aiko a kai mashi iyali. Jawabin yau kan mai zuwa Yamai ne, da yadda zai koyi zaman birni.

Yamai ba kusa take ba. Daga Tawa wajen kilomita 550 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Damagaram wajen 900. Hanya ta bi ta Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. A 1926 ne Turawa sunka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram sunka kai shi can, bakin kogin Isa. A ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun wuce miliyan 1, kuma tun daga nan ƙaruwa suke yi. Wanda ya saba da garin da kowa ya san kakan kowa, in ya sauka can sai ya ga ba wanda ya ko dube shi. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Ba a san shi ba ne kawai. To, aikin baƙo na farko ke nan, tun kahin neman kuɗɗi: ya zama wanda anka sani.

Abin ya fara tun daga gida. A ƙauye sunan uba ya isa shaida. A birni takarda ce shaida. Ƴan sanda da jandarmomi suna tambayar katin ɗan ƙasa a kan hanya. Mai sayen layin salula ana tambayar shi kati, haka mai karɓar kuɗɗin da anka aiko mashi. Katin kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Wanda ba a rubuta haihuwarshi ba tun shina jinjiri, sai gidan shari'a ya ba shi takardar da za ta tsaya madadinta, kuma sai da shaidu. Shaidun nan suna nan garinsu, ba su Yamai. Saboda haka gara mutum ya ɓata sati biyu a gida ya gama da takardu, da ya je can a ce mashi ya komo.

Na biyu, ya san wurin wanda zai sauka. Kada ya hau mota da "Allah zai kawo". Mutanen Adar sun daɗe da gane wannan. Yaro ya tashi daga ƙasar Tawa, ya sauka wurin ɗan garinsu mai shayi, ko mahauci, ko mai tebur. Can zai kwana, can zai ci, can zai koyi gari. Amma mai masauki ba uba ba ne, kuma shi ma da guminshi yake ci. Baƙon kirki shina tashi da asuba ya share ƙofa, ya ɗebo ruwa, ya wanke kwanuka, ba sai an ce mashi ba. In ya fara samun ɗan abu, ya sa hannu cikin cehwane ko da kaɗan ne. Wanda ya kwanta shina jiran a tashe shi cin abinci, da wuya ya kai wata guda kahin huskar mai gida ta canza. Kuma mai masauki shi ne zai tsaya mashi ranar neman aiki. Ba mai ba baƙo tsaron shago ko gadin gida sai wani ya ce: "Na san shi, na san ubanshi."

A satin farko, baƙo ya taka garin da ƙafa. Ya san Wadata, inda akwai kasuwa da tashar mota. Ya san Katako, inda ake saida katako da kwano da tsohon ƙarhe, inda maƙera ke zuba tukwanen sanholo. Ya san Babbar Kasuwa, wadda gobara ta ci a 1982 anka sake gina ta a 1987. Ya san gadar Kanadi da anka gina a 1970, wadda ke ƙetarewa zuwa Harobanda. Mutanen Yamai ba su cika kwatance da sunan titi ba. Da masallaci suke yi, ko gidan magani, ko babban tankin ruwa da suke ce ma shato. Taksi kuwa ta haɗin gwiwa ce: mutum ya tsaida ta, ya faɗi unguwar da za shi, in ta yi ma direba hanya ya ɗauke shi tare da wasu. Ya tambayi kuɗɗin kahin ya shiga. Matambayi ba ya ɓata.

Kada baƙo ya ji kunyar baƙuntarshi. Yawancin mutanen garin da baƙunta sunka fara. Unguwar Bukoki daga bukkoki ta samu sunanta. Lazare kuwa sansani ne da anka sauke waɗanda fari ya koro a 1973 da 1974. Yau duka biyu manyan unguwanni ne.

Yanzu ga babbar magana. A birni komi saye ne. Ruwan sha saye. Itacen girki saye, gawayi saye. Ɗakin kwana saye. Ciyawar akuya saye. Har kewaye a kasuwa sai an biya. Gidan da ba pampo, daga ƴan garuwa ake sayen ruwa, masu tura jarkoki cikin kura. Mutum ya samu jika 2 a yini, sai ya ga kamar ya yi arziki, domin a ƙauye ba kullum ake ganin jika 2 ba. Ya sha shayi da burodi da sahe, ya ci shinkafa da wake da rana, ya hau taksi sau biyu, ya sa kuɗɗi a salula, ya sayi dambu da kopto da dare. Kopto shi ne kwaɗon zogale a bakin Zabarmawa. In ya laluba aljihu sai ya iske saura canji. Ba wanda ya sace mashi. Garin ne ya ci.

Nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi mashi rana. Ya sayi kaye da bik. Kowane dare ya rubuta abin da ya shigo a hannun dama, abin da ya hita a hannun hagu. In ya yi sati biyu shina haka, zai ga da idonshi ramin da kuɗɗinshi ke faɗawa. Sau da yawa ramin ba abinci ba ne. Taba ce, da salula, da rancen da abokai ba su biya.

Ranar da ya isa kama ɗakin kanshi, ya yi hankali ƙwarai. Masu gidan haya sukan nemi kuɗɗin watanni kahin a shiga. Duk abin da ya biya, ya nemi a rubuta mashi resi da kwanan wata, ya karanta da kanshi, ya adana. Ya tambaya tun farko yadda ake raba kuɗɗin wuta da na ruwa tsakanin ƴan haya, da wanda ke wanke salanga, da ƙarhe nawa ake ruhe ƙofar gida. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke haddasa faɗa a gidan haya, har a kai ga mai unguwa.

Kuma in ya ga ɗaki mai araha ƙwarai, ya tambayi dalili. Mai cin rani da rani yake zuwa, lokacin da ko'ina busasshe ne. Da damana labari ya sha bamban. A 2020 kogin Isa ya cika ya fasa ginin da ke tare shi, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy, gidajen ƙasa sunka zube, mutane sunka koma kwana cikin lakwal. Haka gidajen da ke bakin ƙoramar Gunti Yena, wadda ta ratsa gari. Kahin mutum ya ba da kuɗɗinshi, ya dubi gindin bango ko akwai alamar ruwa. Ya tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka, ban da mai gidan. Wuri mai ruwa kuma wurin sabro ne. Kada gidan sabro ya zama abin da za a bari a ƙauye.

Sai harshe. Bahaushe ba ya rasa wanda zai ji maganarshi a Yamai, balle a kasuwa. Amma garin na Zabarmawa ne tun asali, kuma a birori Faransanci ke da yawa. An ce in ka je gari ka iske kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka liƙa. Ba sai mutum ya ƙware ba. Gaisuwa ta isa ta buɗe ƙofa. "Fofo" shi ne sannu, shi ne kuma na gode. "Mate ni go?" shi ne kana lahiya? Amsa ita ce "Baani samay", wato lahiya lau. "Marje no?" shi ne nawa ne? "Hari" ruwa, "nooru" kuɗɗi, "habu" kasuwa. Zabarmawa ma da dala suke ƙidayar kuɗɗi, kamar Hausawa. Inda za a yi hattara shi ne in anka faɗi kuɗɗi da Faransanci: ɗarin Faransanci dala 20 ce, ɗarin Bahaushe kuwa tamma 500. Wanda bai rarrabe ba zai biya ninki 5. Bagobiri kuwa ya shirya ma tsiya, domin Zabarmawa abokan wasanshi ne. In wani dattijo ya ce mashi "bawana ya zo", kada ya yi hushi. Ya rama da dariya. Sau da yawa daga nan zumunci ke farawa.

Maganar aiki gajeruwa ce. Baƙo ya kama abin da ya samu na halal: dako, garuwa, leburan gini, ban ruwa a lambunan bakin kogi, wanki da guga. Ya yi ciniki kahin ya fara. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗɗi domin ya samo ma mutum aiki a biro, a guje shi. Haka a guji ƙwayar taramol da wasu ƴan ƙwadago ke sha wai don ƙarhi. Ƙarhin aro ne, da lahiyar jiki da hankali ake biyan shi.

Wanda ya aiko a kai mashi iyali, ya tuna matarshi ta hi shi shan wuyar baƙunta. Shi ya hita tun sahe, ya ga mutane. Ita an bar ta cikin ɗaki guda, ba uwa, ba ƙanwa, ba rijiyar da ake hira, maƙwabciya kuma wataƙila ba ta jin Hausa sosai. Ya kamata mai gida ya kai ta ta gaida matan gidan tun ranar farko. Ya nuna mata injin niƙa, da kasuwar unguwa, da likita. Ta zo da katin rigakahin yara, a ci gaba daga inda anka tsaya. In yaro ya yi zazzaɓi a kai shi likitar unguwa da wuri, kada a sayi magani wurin masu yawo da shi cikin rana. Ta shiga bikin suna da na aure na maƙwabta ko ba a san ta ba, ta kai ɗan abin da ya sawwaƙa. In matan gida na adashe, ta fara kallo wata ɗaya ko biyu, ta ga ko uwar adashen mai amana ce, kana ta shiga. Yara kuwa a sa su lakwal in an buɗe cikin watan Oktoba. Can ma takardar haihuwa za a tambaya. Su ne za su riga kowa jin Zabarmanci, har su riƙa yi ma uwayensu tahinta.

Namiji shi ma haka. Ya riƙe masallaci guda a unguwa, har liman da ladan su san huskarshi. In anka yi rasuwa ya bi gawa, ya zauna gaisuwa. Ya sa mai masaukinshi ya kai shi ya gaida mai unguwa. Ya nemi inda ƴan garinsu ke taruwa, ya riƙa ba da abin da ake tarawa don mai ciwo ko mai komawa gida. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne ga mai neman kuɗɗi. Su jira ranar da ciwo zai kada su cikin dare, ko ranar da za a yi sata a unguwa a fara tambayar wane ne baƙon nan. Ran nan wanda anka sani shina da masu tsaya mashi.

Saura gida. Tsohon da anka bari a ƙauye shina ƙidayar watanni. Yanzu aika kuɗɗi ba wuya, akwai kamfanoni irin su Nita da Al Izza da Amana. Gara jika 5 kowane wata da alkawarin jika 50 da ba ya zuwa. Wanda abin bai yi mashi kyau ba, ya faɗa ma gida gaskiya. Akwai samari da yawa da kunyar komawa hannu wohi ta riƙe su Yamai shekara da shekaru, ba su birni, ba su ƙauye, gonar uba kuma ta koma hannun wani.

Saboda haka in watan Afrilu ya kama, mai cin rani ya buɗe kayenshi ya yi lissahi. In komawa zai yi, ya ware kuɗɗin mota da na iri da na taki, ya biya bashin mai shago, ya sallami mai masauki da godiya, ya isa gida kahin shibka. In kuwa zama zai yi, ya aika tun da wuri a san wanda zai noma gonar bana, a gaban shaidu, kuma a rubuta.