Jakadanci Ba Ladan Siyasa Ba Ne



Bakura ta ba Zamfara gwamna, Talata Mafara ta ba ta, Maradun ma haka. Yarima, Yari da Matawalle, kun fi ni sanin labarinsu. Tambayata ita ce, yaranmu nawa ne suka shiga Ma'aikatar Harkokin Waje tun daga mataki na 8, suka yi kwas a makarantar horar da jami'an jakadanci, suka hau har suka zama jakadu? Ku ƙirga, yatsun hannu za su ishe ku.

Mu a nan, da an ce jakada sai a tuna da ɗan siyasar da ya sha ƙasa a zaɓe aka share masa hawaye da kujera. To, aikin ba haka aka gina shi ba. A 1957, tun kafin 'yancin kai, aka ɗauki mutum 12 aka horar da su, cikinsu har da Aminu Sanusi, Ciroman Kano, wanda ya kai ga babban sakataren ma'aikatar. Ƙaramin jami'i yakan shafe shekaru yana rubuta rahoton da wani zai sa wa hannu, yana tsayuwa filin jirgi tsakar dare yana jiran tawaga, yana bin gawar ɗan ƙasa daga asibiti zuwa ofishin 'yan sanda. Da shugaban ƙasa ya janye jakadu a Satumbar 2023, irin waɗannan ne suka riƙe ofisoshinmu.

Abokaina na cewa Maitama Sule ai ɗan siyasa ne, kuma ya fitar da mu kunya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaskiya ne. Ku kawo mini Maitama Sule na biyu, sai mu yi magana.

Inda na fi kafewa shi ne harshe, kuma na daɗe ina faɗa. Nijar, Cadi, Binin, Kamaru, dukkansu da Faransanci ake aikin gwamnati. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ya ji a jikinsa kafin kowa a Abuja. Wa ya fi cancantar zama teburin sulhu in ba wanda ke jin Hausa da Faransanci ba, ya kuma san yadda ake gaida basarake? Larabci kuwa muna da shi a Islamiyyoyinmu, muna barinsa a banza. Alhajinmu ya ɓata fasfo a Jidda, ga shi gaban jami'in da ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, sai nuni da hannu!

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha ta sa malaman Faransanci a sakandarorin garuruwan nan uku. 'Yan majalisarmu kuma, idan hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya ta buɗe guraben mataki na 8, su sanar a masallatan Juma'a, su biya wa yaran kuɗin mota zuwa jarrabawa.