Canji: Kalmar da Kasuwa ta Kawo Mana

Laccar da aka gabatar a unguwar Gudji, Injamena

 

Da safiyar nan na ji wata mai ƙosai tana ce wa yaro: "Ba ni da canji, je ka dawo." Baiwar Allah nan ba ta taɓa zama ajin Ingilishi ba, a ƙasar da harsunan hukuma su ne Faransanci da Larabci. Amma kalmar da ta fito bakinta daga Ingilishi take, wato change. Shi ma Ingilishin aro ya yi daga tsohon Faransanci, bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Kun ga ke nan kalmar ta bar Faransa, ta kwana a Ingila, ta sauka Kano, ta biyo fatake ta Maiduguri da Gamboru da Kusiri, ta ƙetaro kogi ta same mu.

A bakin mai ƙosai, canji shi ne ragowar kuɗi. A bakin ɗan canji kuwa sana'a ce sukutum, ta mai musanya naira da sefa, irin waɗanda suka cika Wapa a Fagge ta Kano. Akwai kuma canjin kuɗi, wanda dattawa ke ambata da ajiyar zuciya. A 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, shekarar da wannan birni namu ya bar sunan Fort-Lamy. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake launin takardun naira, ta rufe iyakoki, masu ajiya a waje suka ji jiki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk wanda ya rayu a waɗannan shekaru ya san nauyin kalmar nan a aljihunsa.

Daga kasuwa ta hau dandalin siyasa. Da ita jam'iyyar APC ta yi kamfe a Nijeriya a 2015, kuma a Nijar Mahamane Ousmane ya tsaya takarar 2020 a jam'iyyar RDR-Tchanji. Rubutun na Faransanci ne, lafazin namu ne.

Wurin da na fi so ku tsaya ku duba shi ne aikatau. Me ya sa muke cewa "na canza", alhali babu harafin z a asalin kalmar? A Hausa, z kan koma j a gaban wasalin i: kaza, kaji. Da kunnen Bahaushe ya ji canji, sai ya ɗauka lalle akwai z a ɓoye a gindinta, ya tono ta, ya ƙera canza da canzawa. Kalmar da ta bi dokar nahawunmu har haka, ni ba na kiran ta baƙuwa.

Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a kore ta a bar sauyi da musanya ba. Ina ƙaunar sauyi, kuma ita ta fi dacewa da sauyin yanayi. Musanya kuwa ta ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ce. Amma ku je kasuwa gobe ku miƙa jaka goma ta sefa, ku ce a ba ku sauyi, ku ga ko mai shago zai gane ku.