Masu Gadin Sararin Samaniya



Ni ma'aikacin gwamnati ne, ilmin taurari sha'awa ce kawai, amma tunda an ba ni dama zan ɗan taɓa shi.

A 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, ƙasar Katsina. Ba wanda ya san da zuwansa. Yau akwai masu kwana suna gadin irinsa da manyan madubai na hangen nesa da aka girke bisa tsaunuka. Sukan ɗauki hoton yanki guda na sama sau da yawa, da 'yan mintoci tsakani. Taurari ba sa gusawa daga junansu. Ɗigon da ya gusa kuwa, ko dutse ne ko tauraro mai wutsiya. Sai a auna inda ya dosa, a lissafa hanyarsa. Malamanmu na lissafi, ashe kusurwoyin nan da kuka wahalar da mu a kansu suna da rana!

A watan Oktoba 2008 aka hango wani dutse daga Arizona ta Amurka, aka ce zai faɗo arewacin Sudan. Kafin kwana guda ya cika ya tarwatse a saman hamadar Nuba, daga baya ɗaliban Jami'ar Khartoum suka tsinto gutsattsarinsa.

Amma madubin ƙasa ba ya gani da rana. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a 2013 ta wajen rana ya ɓullo, ya jikkata mutum wajen 1,500, yawanci da fasassun gilasan tagogi.