Rigar Sanyi: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Hunturu ya kankama, dilolin gwanjo sun fara sauka, kowa na neman rigar sanyi da safa da hula. Yau za mu duba yadda ake saƙa waɗannan kaya, don kada ka ba da kuɗin guminka a kan rigar da ba za ta fitar da kai sanyi ba.

Saƙa iri biyu ce. Atamfa da shadda zare ne na tsaye da na kwance suke gittawa, kamar tabarma. Zaren a miƙe yake tun farko, shi ya sa in ka ja shadda ba ta biyo ka. Ita kuwa rigar sanyi, da safa da singileti, zare ne ake lanƙwasawa madauki-madauki, kowane madauki ya sarƙe a cikin na ƙasansa. Malam makiyayi, ka tuna dangwalin da kake ɗaure maruƙa. To ka ɗauka an jera irinsa sahu-sahu, kowane sahu ya rataya a jikin ɗan uwansa. In ka ja rigar, madaukan ne ke buɗewa, in ka saki su koma. Kuma ta fi miƙewa ta faɗi a kan ta tsawo.

Ɗumin rigar ma daga nan yake. Madaukan suna riƙe iska a tsakaninsu, iskar ce ke tsare zafin jikinka. Amma in iskar hunturu na kaɗawa, ko kana kan babur, ratsawa take yi ta kwashe ɗumin. Sai ka sa rigar sanyin a ciki, ka ɗora rigar yadi mai kauri a kai.

A shekarar 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙera injin wannan saƙa. A 1959 kuma wani masani mai suna Munden ya nuna cewa in saƙa ta huta ta zauna, tsawon zaren da ke cikin madauki ɗaya shi ke yanke faɗinta da tsawonta. Yau masana kan zana madaukin a kwamfuta kamar lanƙwasasshiyar waya, su lissafa yadda zai buɗe da yadda zare ke gogar zare, don su san halin tufa tun ba a saƙa ta ba. Wannan ne ya bayyana abin da ke faruwa da sabuwar singileti. A masana'anta a jaye take fitowa daga inji. Da ta sha ruwa sai madaukan su koma zamansu na asali, ka ga ta gajarce.

To in ka tsaya gaban mai gwanjo, ga abin yi. Da farko ɗaga rigar ka kalli rana ta cikinta. In riguna biyu kaurin zarensu ɗaya ne, wadda madaukanta suka fi ƙanƙanta da matsuwa ta fi ƙarko. Na biyu, ja wuya da bakin hannu ka saki. Saƙar wurin dabam ce, mai layi-layi, an yi ta don ta kama jiki. In ba ta koma ba, rigar ta gaji. Na uku, nemi huda, komai ƙanƙantarta. Zare ɗaya in ya tsinke, madaukin da yake riƙe zai zame, ya saki na kusa da shi, sai warwara ta bi layi kamar tsani. Allura da zare a ranar farko sun isa su tsayar da ita. Na huɗu, shimfiɗa singileti ka dubi ɗinkin gefe. In ya karkato gaba, murɗin zaren ne ya juya saƙar, guga ba ta gyara shi.

Gidan sauro ma saƙar madauki ce, amma da zaruruwa masu yawa, kowanne ya kama maƙwabcinsa ta gefe. Shi ya sa hudarsa ba ta gudu kamar ta safa. Duk da haka a ɗinke ta, sauro ba ya buƙatar babbar ƙofa.

Wajen wanki, ruwan sanyi za a sa, kada a murɗe. Kada a rataya jiƙaƙƙiyar rigar sanyi a igiya, nauyin ruwan zai ja madaukan ta zama doguwa. A shimfiɗa ta kan tabarma a inuwa. Ta ulun tumaki kuwa, ruwan zafi da cuɗa dunƙule ta suke yi, kuma ba ta dawowa.

Sai batun wuta, don Allah a saurara. Da yawa daga cikin rigunan gwanjo zaren roba ne. Zaro ɗan zare daga ɗinkin ciki ka kusanta shi da ashana. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi, ya murmushe. Auduga kamar takarda take ci. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri, in a jiki ne kuma manne wa fata yake. Yaran da ke jin ɗumi da asuba a ruga, a ja su baya da wuta.

Ku kuma 'yan kasuwa, in kun fasa dila ku ware mai huda, ku faɗa wa mai saye gaskiya, ku rage masa. Wanda rigarsa ta kai shi bazara, wurinka zai dawo baɗi.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a yi kiwo lafiya, a ci kasuwa lafiya.