Jawabi a Taron Ƙungiya: In Likita Ya Ce Yaro "Pale" Ne

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamai, iyaye mata da sauran 'yan uwa mazauna Sabo, ina gaisuwa.

Kalma ɗaya ta Turanci ce ta tayar da ni yau, wato "pale", wadda ake faɗa kamar "fel". Ni a wajen sayar da yadi na fara jin ta. In mai saye ya ce "pale blue", shuɗi mai haske yake so, wanda bai turu ba. To, a kasuwa ba ta da wata illa. Amma a asibiti magana ce babba.

Shekarun baya na kai ƙaramin ɗana asibiti da zazzaɓi. Likita ya ja fatar idonsa ta ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa, ya ce yaron nan "pale" ne. Wallahi jama'a, na ɗauka haskensa yake yabawa, don mahaifiyarsa fara ce. Har da murmushina! Sai wata nas mai jin Hausa ta ce, "Alhaji, jini ne ya yi ƙasa." A daren nan aka yi masa ƙarin jini.

Ashe abin da muke kira ɗashewa ke nan. Bature in ya tsorata ko ya kwanta ciwo, jini kan janye daga fuskarsa, kowa ya gani. Mu kuwa baƙar fata kan ɓoye, sai an duba cikin ido, da harshe, da tafin hannu, da farce. In sun yi fari fat maimakon ja, akwai matsala. Mutanen nan in hasken fata suke nufi, "fair" ko "yellow" suke cewa.

Abin da ya fi jawo wannan shi ne zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da amosanin jini, da rashin abinci mai ƙara jini, musamman ga yara da masu juna biyu.

Don haka in kun ji kalmar nan, kada ku yi kunyar tambaya. Ku nemi tafinta, ku yarda a auna jinin, kada a koma gida a zauna kan jiƙo kaɗai. A riƙa kwana cikin gidan sauro, a yawaita hanta da wake da alayyafo a tukunya. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.